Mai Begilar da Ba Shi da Tambari

Kwamanda ake ce masa, alhali bai taɓa sa kaki ba, ko a faretin makaranta ma layin baya ake tura shi. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, a wani ɗan shago mai warin mai, tsakanin mai aski da mai sayar da madubi. Matarsa ce ta raɗa masa sunan, saboda rundunar sojojin roba da na ƙarfe da ya shekara ashirin yana tarawa, kowanne bai wuce tsayin ɗan yatsa ba. Suna jere kan katako uku a bayan teburin aikinsa, masu bindiga a gaba, masu ganga a tsakiya. In aiki ya yi sanyi sai ya ɗauki tsohon burushin haƙori ya bi su ɗai-ɗai yana kaɗe musu ƙura, yana 'yar waƙarsa. Abin da yake so ke nan a duniya, kuma bai taɓa cutar da kowa da shi ba.

Lamarin ya fara lalacewa ne da aka sa shi a gurup ɗin masu tara irin waɗannan kaya a waya. Ya shiga da murna, a zatonsa ya samu 'yan uwa, ashe kotu ya shiga. A wajensu wanda ya buɗe kwalin da soja ya zo a ciki jahili ne, wanda ya sake wa soja fenti mai laifi ne. Babbansu wani ma'aikacin inshora ne da suke kira Farfesa, mutumin da tunda ake bai taɓa yabon kayan kowa ba. Shi ya koya musu cewa duk sojan da aka miƙo maka, ka fara kifa shi ka duba tafin ƙafarsa. In babu tambarin kamfani, jabu ne, sai bola.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin wata shida Kwamanda ya daina waƙa, ya koma kifa sojojinsa yana leƙen ƙafafunsu da faɗuwar gaba.

Yana da yaya mace guda ɗaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe Auta take ce masa ko da furfurarsa. Ba ta taɓa gane amfanin sojojin nan ba. Amma ta sha jin yana cewa masu gangarsa ba su da mai busa begila, ta riƙe maganar a ranta.

Wata Asabar da hantsi Farfesa ya zo shagon da wani abokinsa, wai su duba rundunar. Kwamanda na ta rawar jiki, ya share benci da hannun rigarsa. Suna cikin haka Yaya ta shigo tana ɗingisa ƙafarta mai ciwon gwiwa, dawowarta ke nan daga ziyarar 'yarta a wani gari.

"Auta, rufe idonka," ta ce, tana kwance bakin hankici. "Kasuwa biyu na taka kafin na samo maka shi. Mai shagon har dariya ya yi mini, wai Hajiya jika za a kai wa? Na ce a'a, wani tsohon yaro ne."

Mai begila ne, ja da ruwan zinare, ya kumbura kumatu. Zuciyar Kwamanda ta yi tsalle, wannan gaskiya ce. Amma idon Farfesa na kansa, hannunsa kuwa ya riga ya saba. Ko godiya bai yi ba ya kifa sojan ya leƙa ƙafarsa. Wayam.

"Kai, Yaya, an yi miki sakiyar da ba ruwa," ya ce da ƙarfi, yana satar kallon baƙinsa. "Wannan ai jabu ne."

Farfesa ya fashe da dariya, abokin ya zaro waya ya ɗauki hoto don 'yan gurup su samu abin yini. Shi ma Kwamanda ya taya su dariyar, kuma ita ce ta fi ci masa rai daga baya.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta ce, "To ba komai, ban sani ba ne. Kawo in kai wa yara." Ta naɗe shi a hankicin, ta yi wa baƙin sallama da ladabi, ta fita a hankali tana dafa bango.

Magana zarar bunu ce. Tun kafin baƙin su tashi kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Kwana uku yana ɗaura allura a baibai. Da ya gaya wa matarsa, abin da ta ce kawai shi ne, "Matar da ta wanke maka kashi ka kunyata don mai inshora ya yi dariya?"

Ya fice daga gurup ɗin a ranar da ta faɗa masa haka, ya yage kwalayen da ya daɗe yana tsoron taɓawa, ya fito da sojojin ciki suka sha iska. A rana ta huɗu ya tafi gidan Yaya, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, babba da shi, ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, na yi rashin kunya. Ki yafe mini, ki ba ni sojana."

"Tashi, Auta, ka girmi wannan." Ta buɗe durowa ta ɗauko hankicin, ashe ba ta bai wa kowa ba. "Ni ban riƙe ka ba."

Mai begila ya samu wuri a sahun gaba. Kwamanda ya koma burushinsa da waƙarsa, yana sayen wanda ya burge shi ko da tambari ko babu, ya sake jin daɗin abinsa kamar da. Har ya ɗauka maganar ta wuce.

Bayan wata biyu Yaya ta sake leƙowa shagon da leda a hannu, ta sayo masa rigar sanyi. Ya miƙe da fara'a ya miƙa hannu biyu. Sai ta ɗan janye ledar, ta ciro rigar, ta juya wuyanta da kanta tana ƙanƙance ido a kan rubutun da ba ta iya karantawa.

"Tsaya ka fara dubawa, Auta," ta ce a hankali. "Ban sani ba ko ta gaske ce. In ba ta yi ba sai in mayar, kada in ba ka kunya."

Ba gatse take yi ba, har zuciyarta take nufi. Ya tsaya da hannuwansa biyu a miƙe.