Na Baya a Gayyar Surukina

A shekarun da taki ya gagari talaka, ƙwaya ce ke riƙe mini fartanya. In na haɗiyi biyu da shayi, sai in yi noman mutum uku. Ranar da na faɗi a wata gona a Tsanyawa, ina kumfa kamar akuyar da ta ci ganyen rogo, na daina. Wata huɗu jikina kamar an yi sussuka a kansa.

Da damina surukina ya kira gayya. Makaɗin gayya kuwa na baya yake bi da zambo, ni kuma tun hantsi ni ne na baya. Wani tsohon abokin shaye-shayena ya matso, ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙwaya a ciki.

"Malam, guda ɗaya dai, ka fita kunyar suruki."

Na daɗe ina kallonta, har yawuna ya tsinke. Na ce, "Bar ni. Ya ga raggo ya fi ya ga an kwaso ni a amalanke."

Sai da aka fara cin tuwo na ƙarasa layina. Har yau a garinmu ana rera waƙar da makaɗin ya yi mini. In gajiya ta bari, nakan taya su.