Sagir Ya Fi Ni Hannu a Jita

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sagir ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye ina jiran roti a mamak, shagon shayi da abinci da ke ƙasan gidanmu a Danau Kota. Matata ce ta kira, ta ce in duba guruf. Sikilar nan tasa ce ta tashi shekaranjiya, aka kai shi asibiti, yau bayan asuba rai ya yi halinsa. Ban ma san an kwantar da shi ba. A kan kanta na bar rotin na fito.

Tun ɗazu nake karanta ta'aziyyarku. Mutumin kirki. Mai zumunci. Shi ke tarbo sababbin ɗalibai a filin jirgi, shi ke gyara mana laftof ya ƙi karɓar komai. Duk gaskiya ne, ni ma shaida ne. Da na sauka garin nan da mace mai tsohon ciki, ɗakinsa ya ba mu, shi ya koma falo, har muka samu namu gidan.

Amma babu wanda ya ambaci jita. Ko mutum ɗaya.

Ba laifinku ba ne, ba ku sani ba. Ni na sani. Kuma wallahi tun safe wata zuciya take ce min in ja bakina in yi shiru, a binne shi da abinsa. Domin in dai maganar jita ce a cikin Hausawan Kuala Lumpur, ni kuka sani. Ni nake ɗora bidiyo kuna cewa "Nura, sai kai." In na yi shiru, haka za ku ci gaba da cewa.

To ku ji. Sagir ya fi ni hannu, kuma ba kaɗan ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ni na kai shi. Muna jami'a a gida, wani ɗan ajinmu da ke kaɗa wa cocinsu yake koya min, sai na ja Sagir ya raka ni. Ni na nuna masa yadda ake riƙe ta. Kafin zango ya ƙare, malamin namu ya daina kallon inda nake zaune.

Rock yake kaɗawa, irin mai kaushin nan da matata ke kira hayaniyar janareto. Amma in ya kai tsakiyar waƙa, sai ya tura tsirkiya ɗaya sama ya riƙe ta, tana kuka kamar goge, kafin ya sake ta ya gangaro da gudu. Ni na yi ta gwada wannan abu a ɗaki har yatsata ta yi kanta. Tawa ƙara take yi, tasa magana.

Akwai wani dattijo Bamale, wato ɗan ƙasar nan, Pak Din, tsohon mawaƙin rock, gashinsa har kafaɗa duk furfura. Shi da abokansa suna wasa a gidajen biki, ranar Asabar da yamma kuma su kafa kaya kusa da tashar jirgin ƙasa ta LRT a Taman Melati. Na daɗe ina zarya wajensu, ina ɗaukar musu kaya, ina jiran ranar da za a ce in karɓi jita. Wata rana sifikarsu ta lalace, na yi karambani na ce ina da aboki injiniya.

Sagir ya zo ya gyara, ya ce a ba shi jita ya gwada ko ta yi.

Shi ke nan. Mai ganga ya ajiye sandunansa. Pak Din ya dafa kafaɗata, ya ce, "You okay lah, Nura. But your friend, wah."

"Okay lah." Da wannan kalma na kwana, da ita na tashi.

Daga nan ya zama ɗan band ɗinsu, amma da sharaɗi. Hular hana-sallah a ja ta har gira, takunkumin korona a fuska har bayan kowa ya yar da nasa, ya laɓe a bayan sifika. Ya ga an ɗaga waya, ya juya baya. Ko sunansa bai ba su ba, ya ce su kira shi Sam. Suka riƙa ce masa Abang Sam, wato Yaya Sam.

Na tambaye shi wannan wane irin wahalar da kai ne.

Ya ce, "Nura, ka san gida. Gwamnati ce ta turo ni, Baba kuma limami ne. One video ya shiga guruf ɗin department, babu mai cewa Sagir ya iya jita. Cewa za a yi an tura shi PhD ya koma maroƙi."

Na ce ai ni ga fuskata nan a ko'ina, babu abin da ya same ni.

Ya ce, "Kai ai hannunka ya wanke ka. Duk wanda ya ji ka ya san karatu ka zo yi."

Haka yake min. Duk bidiyon da na ɗora, shi ne farkon mai sa min alamar wuta a ƙasa. Sannan ya bi ni ta bayan fage da saƙon murya: "Mutumina, ya yi kyau fa. Amma tsirkiya ta uku ta sauka, kawo ta gobe in duba." In kai, ya canza min tsirkiyoyin duka, ya hana ni biya, in fito ina godiya ina jin haushi.

Babu faifansa ko ɗaya. Pak Din ya yi ta roƙonsa su shiga sutudiyo, ya je sau ɗaya, sanyin na'urar ɗakin ya kama masa yatsu, daga can sai gado. Abin da ya rage sai 'yan bidiyoyin waya da masu wucewa suka ɗauka, mutane na ta tambaya a ƙasa wane ne wannan mai hula.

Wasunku ma sun wuce shi a tashar nan. Akwai wani babbanmu, ba zan kama suna ba, ya tsaya ya saurara sosai, ya ce min, "Wannan baƙin ko ɗan wace ƙasa ne oho, ya iya shiririta." Da daddare suka haɗa sahu da Sagir a masallaci.

Rabona da shi makon jiya, a mamak, ana ruwan sama. Ya rungume kofin shayin teh tarik da hannu biyu yana ɗumama yatsu. Ya ce, "Viva ta kusa. In na karɓi takardata zan cire takunkumin nan, in je in zauna da Baba in yi masa bayani da bakina. Ranar da na fito fili, ka nemi wata sana'a."

Na ce, "Allah Ya sa su ba ka major correction."

Ya yi dariya har ya ƙware. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Wasa nake, ya san wasa nake, amma da na san ita ce ta ƙarshe da wata na zaɓa.

Ɗazu muna gidansa muna jiran takardun asibiti, sai ga Pak Din da mutanensa, an ɗaure gashi an sa hula, suna kuka ba ji ba gani. 'Yan uwanmu suna ta kallonsu, an rasa su wane ne. Ni kuwa ko a nan sai da kishin ya motsa. Mu mun samu mai gyaran laftof, su sun samu Sagir ɗin gaske duk ranar Asabar.

Pak Din ya ja ni gefe. Ya ce bayan magariba za su taru a masallacin unguwarsu su yi masa tahlil, wato addu'ar da suke yi wa mamaci, kuma a wajensu sai an kira sunan mutum da na mahaifinsa.

Ya ce, "Nura, Sam bin who? All this time, I never know."

Ba hurumina ba ne in faɗa, kuma Allah Ya sani, ba wannan kaɗai ya riƙe min baki ba. Na aika matata ta kira min Maman Hanif, matarsa, ta tsaya daga bayan ƙofa, na gaya mata abin da ake nema.

Ta ce min, "Baban Ilham, ka faɗa musu. Ka faɗa wa kowa ma. Ni kaɗai nake jin abin nan a ɗaki, sauti a ƙasa-ƙasa, taga a rufe. Hanif zai girma, ina so ya san abin da ubansa ya iya."

Na koma na ce wa Pak Din, Sagir bin Haruna. Ya yi ta maimaitawa har ya zauna masa a baki.

Ga bidiyoyin nan na sa a ƙasa. Mai hular da ke bayan sifika, ɗan uwanku ne. Ku saurare shi, sannan ku je ku saurari nawa, kuma kada wanda ya zo ya lallashe ni.

In kana ganin jita ba ta dace da shi ba, ba zan yi gardama da kai yau ba. Sai ka ƙara ƙaimi wajen nema masa gafara.

Ya Allah, bawanKa ya sha ciwo tun yana yaro, Ka sa ya zama kankarar zunubi. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Baba da Maman Hanif haƙuri, Ka raya Hanif. Ni kuma Ka wanke min zuciya.

Don Allah duk wanda ya karanta, Bahaushe ko Bamale, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Sunansa Sagir ɗan Malam Haruna, kuma ban taɓa jin mai jita kamarsa ba.