Shamuwar da Aka Taɓa Fiffikenta

Mu ne a bakin murhu ran nan: ni, da yayana Ɗanjuma, da Talatu 'yar maƙwabta goye da ƙanenta, sai Kaka Yalwa mahaifiyar babanmu, tana juya gyaɗa a cikin toka da tsinken kara. Lokacin Gyadi-Gyadi gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi. In magariba ta yi, hayaƙin kara yakan kwanta a kan dawa kamar an shimfiɗa farin mayafi, shamuwa kuwa suna jere a kan rimi, sun yi tsit, don damina ta ƙare kuma tafiyarsu ta kusa.

Kaka ta dube su, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa."

Muka ce, "Ta sauka a tabarmarmu."

Ta ce wai duk shekara, kafin shamuwa su haye babban ruwa, akwai wata tsohuwarsu da ke tsayawa a reshe tana taɓa fiffiken kowacce da baki. Wadda ta ji lafiya lau, ta wuce. Wata shekara aka zo kan wata ƙarama mai ɗoki, wadda tun tana ƙwai take mafarkin ganin bayan ruwan. Tsohuwa ta taɓa, ta ji tsaga, ta ce ta koma gefe. Uwar ƙaramar ta kasa haƙuri. Ta ɗebo laka ta shafe wurin sumul, ta mai da 'yarta ƙarshen layi.

Daga nan labarin ba ya zama wuri ɗaya. Wani daren Kaka takan ce laka ta jiƙe a tsakiyar ruwa, ƙaramar ta yi ta sauka a hankali kamar ganye, 'yan'uwanta ba su waiwaya ba. Wani daren kuma ta ce ƙaramar da kanta ta kankare lakar, ta zauna, gashin ya zube, sabo ya fito, baɗi ta tafi. Wani daren ma ba ta taɓa tafiya ba, ta tsufa a rimin tana gyara wa masu dawowa sheƙa.

Ɗanjuma yakan ce, "Kaka, jiya ba haka kika ce ba!"

"Jiya a gashi tsagar take, sarkin gardama. Yau a ƙashi. Ci gyaɗarka."

Na girma, na haihu, na aurar, gonakin suka zama gidaje da kwalta, rimin ma aka sare. Shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki, jikana Nasiru da na raina tun rasuwar ubansa ya nemi shiga makarantar hafsoshin soja. Samarin Tarauni suna yi masa dariya, wai an tashi daga biki shi kuma yanzu yake wanka. Bai kula su ba. Kullum da asuba sai ya yi gudu har Hotoro ya dawo. Ya ci jarrabawa, ya ci tsere, sai a wajen likita aka tsai da shi. An ce jininsa ya hau, bugun zuciyarsa kuma ba daidai yake ba. Aka ce in babban asibiti ya duba ya wanke shi, ya dawo a sake gwaji, wataƙila a yi masa afuwa. Shekarunsa kuwa sun kai gargara, bana ce ta ƙarshe.

Da yamma kawunsa Sabo ya zo da ƙwayoyi ƙunshe a leda. Ya ce, "Inna, ba sai an je asibiti an tono abin da ba a tambaya ba. Ya haɗiyi wannan kafin gwajin, jini zai kwanta. Yara da yawa haka suke yi."

Maƙwabciyarmu Maman Ladi, 'yar Filato, nas ce a asibitin koyarwa, ta shigo karɓar rariyarta. Ta juya ledar a hannu, ta ce, "Mama, wani tsoron likita ne kawai ke hawar masa da jini. Irin wannan akan yafe. Wani kuwa ciwon a zuciyar yake, ba mai sa masa hannu, gudun da ake yi a can kuma ba wasa ba ne. Ni da ido ba zan iya faɗa miki ko wanne ne ba."

Nasiru ya matso ya dafa gwiwata. "Haba amaryata, ba kya son mijinki da tauraro a kafaɗa?"

Na ce, "Cire mini hannu. Mijin da ke laɓewa bayan tankin ruwa yana riƙe ƙirji?"

Ya janye hannun. Bai san ina ganinsa ta tagar ɗakin girki ba.

Bayan sallar isha na zauna ni kaɗai a gaban gawayi. Ban yi barci ba, amma sai na ji ƙamshin gyaɗa a toka, na ga rimin a inda shagon mai walda yake, fararen cikkunan shamuwa suna haske a kansa. Da ina yarinya na ɗauka mantuwa ce ke sa Kaka sauya ƙarshen labarin. Ashe ita ma ba ta san inda tsagar take ba, kuma ba ta yarda ta yi mana ƙaryar ta sani ba. Abin da ba ta taɓa sauyawa ba guda ne: ba a taɓa haye ruwan da laka ba. Na kuma gane uwar nan ba muguwa ba ce, don ni ma hannuna ya yi ta kai wa ledar nan yana dawowa.

Washegari da Nasiru ya fito da kambas ɗinsa, ya same ni a bakin zaure da mayafina, ƙwayoyin na cikin kwata. Na ce Maman Ladi na jiranmu a asibiti.

Ya ce, "Inna, in suka ce ba zan taɓa shiga ba fa?"

"Sai mu dawo mu karya kumallo."

Ya daɗe yana kallon titin Hotoro. Sannan ya karɓi jakata, muka kama hanyar asibiti a ƙafa, yana rage sauri saboda ni.