Cokin Babur Ɗin Mai Madara

Shekara arba'in da ɗaya Mistri Nacattar Singh, wato babban makanike, ya yi a kan benci guda, a lungun garejinsa da ke garin Batala a ƙasar Indiya, kuma babu abin da yake taɓawa a jikin babur sai kafireta. Kai masa taya ka ga wulaƙanci. Shi dai a tayar da inji ya karkata kai, kafin mai babur ya gama ƙorafi ya riga ya san ciwon.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne mutanen da ba su san cok ba. Yakan ce ai ba wani sihiri ba ne, 'yar ƙofa ce a maƙogwaron kafireta. Da sanyin safiya ka rufe ta, iska ta ragu, mai ya yi yawa, inji ya tashi. Da ya ɗau zafi ka buɗe. Wanda ya manta ya bar ta a rufe, sai baƙin hayaƙi da shan mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Lafiyayyen fulogi, in ji shi, launin shayi da madara gare shi.

To, sai zamani ya yi masa rashin mutunci. Sababbin babura suka fito babu kafireta, babu cok, sai na'ura a ciki mai auna mai da kanta. Ɗansa Harjinder, wanda garejin ya koma hannunsa, ya sayo akwatin da ake jona wa babur ya faɗi ciwonsa a allo. Tsohon ya koma zaman gadin bencinsa, yana goge sukudireban da babu mai nemansa.

Kwana shida kafin Diwali, babban bikin fitilu na can, Harjinder ya tsaya a kan uban, wanda yake kira Bapu.

"Bapu, injin ɗaga babur zai iso, kuma babu wurin sa shi sai nan lungun."

"Ni kuma a sa ni a ina? A kwandon shara?"

"Ka huta mana a gida. Amma shi ke nan, in aikin kafireta ko guda ya hau bencin nan kafin a gama biki, na bar maka lungun."

Kwana shida ko ƙuda bai sauka a bencin ba. Na bakwai kuwa washegarin Diwali ce, ranar da masu aikin hannu suke wanke kayan aiki, su jera su, su rataya musu furanni, babu mai taɓa ko sifana sai gari ya sake wayewa. Nacattar bai taɓa karya wannan ba tun yana saurayi. Yana gani aka sa wa akwatin allon nan fure har zagaye uku, sukudirebansa kuwa fure guda ɗaya, shi ma wanda ya yi yaushi.

Ana cikin raba alawa sai ga Meharban mai madara a kan tsohon babur ɗinsa, garewani huɗu suna rangaji, salansa tana aman hayaƙi.

"Mistri-ji, ka cece ni! Da safe ya tashi lafiya lau, yana ɗaukar zafi sai ya kama tari. Mai kuwa kamar da rijiya yake sha."

Harjinder ya ce, "Yau ba a aiki, ka sani. Bar shi ya kwana, gobe Bapu ya buɗe kafiretar." Ya ɗan dubi uban, kamar mai miƙa sadaka.

Ga damar tsira da benci ta zo wa Nacattar har gida. In ya yi shiru kawai, gobe sai ya kwance kafireta, ya wanke abin da ba ya buƙatar wanki, ya ɗaura. Wa zai sani? Amma kunnen nan da bai san ya rufa wa mai shi asiri ba ya riga ya ji cewa cok ne kawai ya maƙale. Kuma madarar mutane tana cikin garewani, rana tana ɗagawa.

"Kai Meharban, yaushe rabonka da wanke babur ɗin nan? Tun auren kakarka?"

Tsohon ya durƙusa. Madarar da ke ɗiga daga murfin garwa ta haɗu da ƙura ta daskare a kan hannun cok, ya maƙale a rabi, bai rufe ba bai buɗe ba. Ya ɗauko butar ruwan zafin da aka ɗora don shayi, ya tsiyaya kaɗan, ya motsa hannun da babban yatsansa sau uku. Ƙas, ya koma wurinsa. Meharban ya buga kik, ya murɗa totur, hayaƙin ya yi ta raguwa har ya washe, injin ya daidaita.

"Wallahi Mistri-ji, irinka ya ƙare!"

"Ya ƙare ɗin," in ji tsohon. "Tafi kafin madarar ta yi tsami."

Harjinder ya yi dariya, ba ta mugunta ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Ka gani, Bapu? Aikin da yatsa ɗaya ya gama ai ba ya buƙatar benci."

Nacattar ya koma ya zauna a bencinsa. Zuciyarsa ta yi ɗaci har alawar da ke hannunsa ta gagare shi. Washegari da hantsi mutum biyu suka ciccibi bencin suka fitar bakin titi, mai shayin kusurwa ya ja shi yana jera kofuna a kai. Yanzu a nan tsohon yake zama kullum da safe, sukudireba a aljihun rigarsa. Idan babur ya wuce, har yau sai ya karkata kai.