Ƙwai Biyu a Tukunyar Wake

Ranar sadakar arba'in ta mijin Todorka, dafaffiyar alkamar da ta kai coci ta kama, ƙauri ya ratsa ta. Mata suka ɗanɗana suna satar kallon juna. Wani dattijo da ake kira Bai Stamen, mai kaɗa ƙararrawar cocin, ya cinye kwano uku a tsaye, ya ce ko marigayin bai sami irinta ba da ransa. Todorka ba ta manta masa wannan ba, ko da yake ta san bai taɓa barin saura a kwanon kowa ba.

Shekara talatin yana hawan hasumiyar cocin, matakala sittin da biyu. Ƙiba ta kai shi ga hutawa sau huɗu a hanya, cikinsa na goge farar ƙasar bango, har mutanen ƙauye na cewa shi ke yi musu shara. Daga ƙarshe likita a birnin Pleven ya rage masa tumbi, ya koma kamar kofin shayi. Aka sallame shi da sharuɗɗa: loma ƙanana, kada ya kora da ruwa, ƙwayar ƙarin jini kullum, kuma ya fara da ƙwai ko nama ko cukwi kafin ya taɓa burodi.

Wata huɗu yana bi, wandonsa ya koma buhu. Sai babban azumin da ake yi kafin idin Ista ya kama, mako bakwai ba nama, ba ƙwai, ba madara, shi kuwa tun yana saurayi bai taɓa karya shi ba. Da can tukunyar wake guda yake tashi da ita ya wuni garau. Yanzu cokali uku na romo ya ƙoshi.

Todorka ce ta fara lura, don katangarsu ɗaya. Gashi na zuba a kafaɗar kwat ɗinsa, leɓɓansa sun yi fari, ƙararrawar safe kuma ta rage kaifi. A mako na huɗu ta leƙa hasumiyar ta same shi zaune a matakala ta goma, yana cewa wai addu'a yake. Ista saura mako uku. Ta gane in aka ci gaba haka, wani ne zai kaɗa ranar idi.

Ta je gun limamin cocin, Fada Serafim.

Fada ya kira Stamen ya ce Ikilisiya ba ta taɓa ɗora azumi a kan marar lafiya ba. Stamen ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

“Bai Stamen, rabin cikinka yana Pleven,” in ji Fada. “Shi ya ɗauke maka azumin. Ƙwai biyu kullum, umarni ne.”

Ya bi umarnin, ranar idi kuma ya hau matakalar da hutu ɗaya kacal, ya kaɗa har tattabaru suka ƙaurace wa rufin.

Amma yammacin da ya baro gun Fada, bai wuce gida ba. Ya tsaya a katangar Todorka yana murza hula, yana kallon kajinta.

“Maƙwabciya, na san ke ce kika kai ni ƙara,” ya ce ƙasa-ƙasa. “To ke za ki dafa ƙwan. Ki sa su a tukunyar wake, ki rufe da wake a sama. Ɓawon kuma ki binne a lambunki, kada a gan shi a nawa.”