Sa Hannun da Ya Fara Daga Dama

Yayana ya yi shekara talatin yana ƙaunar mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba, sai sau ɗaya a yagaggiyar jaridar da aka ƙunso mana ƙosai. Mai tsaron raga ne, ya yi tashe lokacin muna samari a Daudawa. Yaya yakan rataye rediyo a reshen bishiyar bedi a bakin gonar auduga, da an ce golan ya cafke ƙwallo sai ya yar da fartanya ya hau tsalle. Shekarar da ƙungiyarsu ta ci kofi, ciyawa ta fi audugarmu tsayi, har akuya ta ɓata a ciki kwana uku. An san ni da ƙarin gishiri, amma wannan rabinsa gaskiya ne.

Da mutumin ya daina wasa sai ya rubuta littafin rayuwarsa. Aka sanar a rediyo zai zo Katsina, duk wanda ya saya zai sa masa hannu. Lokacin ciwon suga ya riga ya zaunar da Yaya, ƙafarsa ba ta shiga takalmi. Ya aika aka kira ni.

"Kai ne ƙafata," in ji shi. "Ba karatun nake so ba, boko bai zauna mani ba. Hannun nan da ke cafke ƙwallo nake so in gani a takarda."

"Yaya, in ka so sai in ciro maka hannun ɗungurungum."

"Ban da surutu a hanya. Na san halinka."

A Ƙanƙara na sauka zan canza mota, sai na iske wani tsohon abokina mai sayar da taki, gabansa kwanon dambu da zogale, man gyaɗa na ƙyalli.

"Bisimilla, sa hannu," ya ce.

Na ce hannun wani na fito nema. Ya ce to in fara da nawa. Na zauna, na sa hannu, na sa baki. Mota uku ta cika ta tashi ina ba da labarin akuyar nan. Da na isa Katsina bayan la'asar, ana ta kwashe kujeru. Golan ya tafi. Littafin dai na samu, shafin farko fari fat.

Washegari a tasha na ari biro, na ɗora littafin a gwiwa na yi masa sa hannu mai ƙayatarwa. Abin da ban lura ba shi ne, Yaya ne ya fara kama hannuna a kan allo tun kafin in ga firamare, kuma in ina sauri hannuna daga dama yake tashi, ya ƙare da doguwar wutsiya irin ta harafin nun.

Yaya ya daɗe yana kallon shafin.

"Ashe daga dama yake farawa," ya ce.

"Ai ɗan malamai ne, Yaya. Da na ba shi labarinka sai da ya yi hawaye, har tawadar ta so ta jiƙe."

Ya yi dariya, ya naɗe littafin a tsohon rawanin Baba ya tura ƙarƙashin matashi. Duk mai zuwa dubiya, daga Mairuwa ne ko Ruwan Godiya, sai an warware masa rawanin. Yaya ya nuna shafin ya ce, "Ƙanena ya samo mani." Ni kuma in gyara zama in ƙara gishiri. Kafin a cire auduga, a labarina golan ya riga ya rungume ni, ya tambayi lafiyar shanunmu ɗaya bayan ɗaya.

Na so in faɗa masa gaskiya. Na ce sai bayan girbi, sannan na ce sai bayan salla. Wata rana muna mu biyu a zaure har na buɗe baki, sai na ji abin dariya ne ya fito. Da damina ta faɗi Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar uku matarsa ta kira ni bakin ɗaki, ta miƙo mini rawanin a naɗe.

"Ya ce a mayar maka da abinka," in ji ta. "Ya ce shi ya koya maka wutsiyar nun ɗin nan, kuma har yau ba ka gyara ta ba."

Na tsaya riƙe da littafin. Wata bakwai yana nuna wa baƙi hannuna yana rufa mini asiri, ni ina ganin ni ke yi masa alheri.

Bara wani malamin makaranta a Sabuwa ya nuna mini nasa littafin mai sa hannun gaskiya. Ɗan ƙarami ne, daga hagu, kamar tonon kaza. Ya ce in ina so in riƙe. Na yi godiya na mayar masa. Wanda ya aike ni ba ya nan.