Ziyarar Ɗan Hoki a Staten Island

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar University Heights a New York, ni da wani abokin aikina ɗan Kumasi, ga sanyi kamar zai tsinke kunne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai mu ƙarshen Manhattan, cike da ma'aikata masu gyangyaɗi. Daga nan muka hau jirgin ruwan Staten Island, wanda ba a biyan ko sisi. Abokina ya rantse shi kaɗai ne abin kyauta a New York, har ya so mu yi sawu biyu.

Wani Bature za mu dubo a unguwar Tompkinsville, wanda na yi jinyarsa a gidansa kafin ƙanwarsa ta ɗauke shi. Tsohon ɗan wasan hoki ne, wanda ake yi a kan ƙanƙara da sanda. A kulob ɗinsu aikinsa faɗa: in an taɓa gwaninsu, shi zai jefar da safar hannu ya rama, 'yan kallo na ta shewa. Bai kai hamsin ba mantuwa ta kama shi. Likitoci na zargin dukan da kansa ya sha ne.

Mun tsaya a shagon wata 'yar Ghana muka sayi koko da ƙosai, don haƙoransa na gaba duk sun zube a wasa, abu mai laushi yake so.

Mun tarar da shi zaune a bakin taga. Ƙaton mutumin nan ya rame. Ya sha kokon, amma bai gane ni ba. A kicin mijin ƙanwar ya dage cewa in an hana faɗa a wasan hoki, mugayen 'yan wasa za su riƙa illata mutane da sanda ba tsoro. Matar ba ta yi musu ba, ta ce dai ya je ya canza wa yayanta wando, ya jiƙe.

Da na je yi wa majinyacin sallama, sai ya kama rigata, ya ɗauka ni kocinsu ne. A hankali ya ce, "Wa zan daka yau?"

Na ce, "Babu kowa. Yau hutu ne."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya sake ni. Ya ce dama kullum sai ya yi amai kafin wasa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Muka hau jirgin dawowa. Ina ta tuna kawuna, ɗan dambe a Gusau, da ya tsufa yana manta sunayen 'ya'yansa muka ce sammu ne. Mun iso gida bayan la'asar. Abin da na koyo, mu 'yan kallo shewa muke yi mu watse, ɗaukar mutum zuwa banɗaki kuwa 'yan'uwansa ake bar wa.